Murhu a Kan Na'ana'ar Kaka

Agogon bangon ɗakin Baba yana buga ƙarfe huɗu na yamma, ranar Talata, Gwaggo ta ce a kawo duwatsun murhu gindin darbejiya. Da hantsin ranar aka kai Kaka makwancinta. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta, na ƙirga bugun agogon har huɗu, na ga mata biyu sun mirgino dutsen farko sun dire shi a tsakiyar na'ana'arta. Ban ce uffan ba.

Ba na ɗora wa Gwaggo laifi. Tsakiyar bazara ce, irin zafin Yerwa da ke sa kwanon rufi ya yi ta ƙara shi kaɗai, kuma duk faɗin gidanmu na unguwar Limanti babu inuwa sai ta wannan bishiya guda. Maza sun cika zaure har waje, mata sun cika ɗakuna. Dole a dafa burabusko a manyan tukwane, madafin Inna, mahaifiyata, kuwa tukunya biyu kawai yake ɗauka. Gwaggo ce babbar 'yar Kaka, yayar Baba, duk hidimar a kanta take. Ta duba tsakar gida ta ga wuri ɗaya tak mai inuwa. Ta sa aka yanke ganyen kaf aka tara a faifai don shayin masu gaisuwa, aka girka tukwane uku a wurin. Kwana bakwai wutar nan ba ta mutu ba.

Masu gaisuwa kuwa sun yaba shayin. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa gaban Gwaggo da Inna, ta fara da gaisuwar Kanuri: "Wushe, wushe. Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Sai a miƙa mata finjali. Wata tsohuwa daga unguwar Bolori ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Shekara ashirin ina shan shayin gidan nan, ban taɓa jin ganyen ya fito haka ba."

Ta kusa da ita ta ce, "Ina zai fito? Reshe uku marigayiya take sa wa buta, ko Shehu ne ya zo da kansa. Allah ya gafarta mata, hannunta a sake yake a kan komai, ban da ganyen nan."

Balarabiyar Shuwa mai kawo mana nono ta ƙi sha. Ta ce ƙamshin ma ya ishe ta, ta juya wa mutane baya tana kuka. Daga zaure aka aiko a ƙaro buta biyu, wai wani baƙo daga Dikwa ya ce bai tambayi kowa gidan ba, hancinsa ya bi tun daga bakin lungu.

A wajenmu jikoki ba sa zaman makoki irin na 'ya'ya. Idan tsohuwa ta cika kwanakinta, wasa suke yi, su kwaikwaye ta, babu mai tsawata musu. 'Yar Gwaggo, wadda ta girme ni da shekara biyu, ta shiga ɗaki ta naɗo lafayar Kaka, ta ɗauko sandarta, ta fito tana ɗingishi. Ta tsaya a kan masu girki ta ɗaga sandar.

"Wace marar aikin yi ce ta taka mini ganye? Ku tashi! Ku kwashe tukwanenku ku ba ni wuri!"

Muryar Kaka ce sak, har da yadda Kanuri ke danne mata Hausa. Gida ya ɗauki dariya, dariyar ta juye kuka. Gwaggo ta share hawaye da gefen zane ta ce, "Wallahi kamar ita." Sannan ta sunkuya ta ƙara itace.

Ni ma jika ce. A ranar ina da damar faɗar duk abin da na ga dama, kuma awa ɗaya ba a yi da hura wutar ba, saiwar da ke ƙarƙashi ba ta riga ta ji zafi ba. Da na tashi na ce, "Gwaggo, da gaske ne, za ta mutu," da an matsar da duwatsun. Na buɗe baki, na sake rufewa, yadda nake yi a aji idan malama ta kira sunana ko da na san amsar. Sai na gaya wa kaina ai ba komai, ina da irin na'ana'ar a ajiye a ambulan.

Na zauna rubuta wannan ne saboda na lura an fara manta ta tun ba a je ko'ina ba. An raba kayanta, an mai da ɗakinta wurin ajiyar buhuna. Allah ya haskaka kabarinta, ya sanyaya mata shi. Abin da na riƙe game da ita ba shi da yawa, kuma kusan duka a gindin bishiyar nan ya faru.

Wurin bai fi faɗin tabarma biyu ba, tsakanin randunan ruwa da katanga, inda ruwan alwala ke gangarawa. Kaka ta ce uwarta ce ta samo ganyen a Dikwa, a gidan wani Balaraben Tarabulus da take yi wa girki. Da suka taso zuwa Yerwa, lokacin garin sabo ne, uwar ta naɗe saiwar a jiƙaƙƙen tsumma ta sa a ƙwarya. Kwana uku suna tafiya a ƙasa tana ɗiga mata daga ruwan shansu. Kaka tana yarinya a lokacin. Ta ce ta yi kukan ƙishirwa, uwar ta ba ta kurɓi ɗaya, ta ba tsumma kurɓi ɗaya. "Har yau ban yafe wa ganyen nan ba," in ji ta, tana tsinkarsa da farce.

Akawu take kirana, don ba ta taɓa ganina ba littafi ba. Shekarar da aka fara koya mana zanen tsirrai a makaranta, na zo hutu da rula da fensir na tsuguna a gabanta. Na rubuta cewa karan na'ana'a kusurwa huɗu gare shi, idan ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji. Ganyen biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, na sama su gitta na ƙasa. Kowane ganye dogo ne mai tsini kamar kan mashi, gefensa kamar haƙoran zarto, fuskarsa a yamutse, kuma a jikin kara yake zaune, kusan ba shi da wuya. Na auna ganye talatin na rubuta tsawon kowanne.

"Akawu, me kike rubutawa kuma?"

"Kara mai kusurwa huɗu, Kaka."

"Shekara sittin ina tsinkarta, sai yau za a gaya mini tana da kusurwa. To rubuta: ba ta son wuƙa."

Na rubuta. Na rubuta sauran ma, ranar da ranakun da suka biyo baya. Da safe ake tsinka, kafin rana ta taɓa ta, da farce, daidai saman ganye biyu, don inda aka cire reshe ɗaya biyu za su fito. Ba a tafasa ta. Sai an sauke buta ake jefa ta a rufe, wanda ya tafasa ta ɗaci zai sha. Idan za a shanya, a cikin ɗaki ake shanyawa a kan faifai, rana tana sace ƙamshin. Da azumi Kaka takan murza ganye biyu a cikin ardeb, jiƙon tsamiyar da muke buɗa baki da shi. Takan yayyanka ta da hannu a kan kindirmo idan zafi ya hana mutum cin abinci, takan kuma haɗa ta da albasa ta cusa a naman rago ranar Babbar Salla, yadda uwarta ta gani a gidan Balaraben. Mai kumburin ciki, mai tashin zuciya, duk nan ake aiko su. Ba ta taɓa cewa magani take bayarwa ba. "Ganyen shayi ne," take cewa, "in kin warke ki gode wa Allah."

Duk bayan shekara biyu, da saukar ruwan farko, sai ta tone wurin ta raba saiwar. Ranar na fara ganin abin da ke ƙarƙashi: fararen jijiyoyi dogaye kamar igiya, suna rarrafe ta ko'ina, kowace gaɓa da ɗan tohonta. Ta ce tsakiyar ce ke fara tsufa ta mutu, gefen ne ke tafiya neman sabuwar ƙasa.

Wannan tafiyar ce ta haɗa ta faɗa da Baba. Wata damina saiwar ta bi ta ƙarƙashin bango ta ɓullo a cikin ɗakinsa, bayan ƙofa. Baba ma'aikacin En'e ne, mutum mai son tsari. Ya ce laima za ta kayar masa da bango, ya sayo siminti zai daɓe tsakar gida gaba ɗaya. Da magina suka zo, suka tarar da Kaka ta shimfiɗa buzu a bakin ganyen ta zauna da carbinta.

"Inna, don Allah ki tashi, mutane na jira."

"Su zuba. Ka ce su fara daga ƙafata su yi sama."

"Ciyawa ce fa, Inna."

"Ciyawar ta riga ka zuwa garin nan. Ta riga ubanka ma."

Yini biyu ba ta ci abincin gidan ba. A na uku aka daɓe rabin tsakar gida aka bar mata rabi. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma wata guda cur tana aika masa da shayi babu ganye ko ɗaya. Idan Inna ta tambaya sai ta ce, "Ai shi shayin Turawa yake sha."

Akwai wata mata mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, mutuniyar Gabas, can kudancin ƙasa, Kirista, kowa Madam yake ce mata. Kaka ta je sayen turmi ta same ta da ciki, ta kifa kai a kan kaya, ko ciniki ba ta iya yi. Kaka ta fasa sayen, ta dawo gida, ta koma kasuwa a ƙafa da ganye a ƙulle a bakin lafaya. Bayan mako biyu Madam ta zo har Limanti da garwar kananzir da ta wanke ta huda gindinta. Kaka ta yanko mata saiwa mai tsawon hannu. Daga nan suka ƙulla. Madam tana kiranta Mama, ita tana kiranta 'yata ta Gabas, su zauna kowacce tana gyara wa 'yar'uwarta Hausa, alhali duk su biyun ba su iya ba. Bara, da aka yi tashin hankali mutanen Gabas suka bar gari, Kaka ta dafa abinci ta tafi ɗakin da Madam ke haya kusa da tashar jirgi. Ta dawo da kwanon a rufe yadda ta tafi da shi.

Fure kuwa ba ta barinsa. Da zarar kan reshe ya fara tsiri sai ta tsinke, ta ce idan ta yi fure ganyen ya tashi aiki. Daminar bara na roƙe ta ta bar mini uku. Suka fito kamar 'yar ƙaramar zangarniyar gero, furanni ƙanana a jere, fari mai sirkin shuɗi. Da suka bushe na kakkaɓe su a kan farar takarda, na juye a ambulan, na rubuta ranar a baya.

"Wannan ƙurar za ki shuka?"

"A littafi an ce duk tsiro mai fure yana da iri, Kaka."

"Tun daga Dikwa ba wanda ya shuka ta. Yanka ake yi da saiwa, mutum ya ba mutum. Ki samo garwa in yanko miki ki tafi da ita makarantar taku. Ni na tsufa, uwarki tsoron tsutsa take ji, gwaggonki kuwa ba ta san ganye ba sai a miya."

Na ce to. Ban samo ba. Na tuna yadda 'yan ɗakin kwananmu za su dube ni idan na shigo da garwar laka a ka, sai na ji ambulan ya fi sauƙin ɗauka.

Ran sadakar bakwai da yamma aka kwashe duwatsun. Da baƙi suka watse na ɗauki ludayin ƙarfe na tone tokar. Ƙasar ta ƙone ta yi ja, ta yi tauri kamar kasko. Can ƙasa na tarar da jijiyoyin. Sun koma ruwan ƙasa, sun yi laushi, ina taɓawa suna narkewa. Na bi gefen katanga taku-taku ko akwai wadda ta tsere wa wuta. A nan masu wanke-wanke suka yi mako guda suna zubar da ruwan toka da sabulu. Duk da haka na yi ta ban ruwa safe da yamma har hutu ya ƙare, na roƙi Inna ta ci gaba. Ranar arba'in na zo gida. Ciyawa ce ta fito, ita ma tsilli-tsilli.

Sai na shiga neman waɗanda Kaka ta taɓa yanka wa. Ni da ba na iya gai da maƙwabta ba tare da muryata ta yi rawa ba, na yi sallama a gida tara. Tsohuwar Bolori ta ce awaki sun cinye tata tun shekarar da aka ba ta. Wata ta ce ta bushe lokacin da ta je wankan gida. Wata ta yi dariya ta ce, "Me zai sa in wahala da ban ruwa, ga ta a gidanku?" Kusan duk abin da suka ce ke nan. Na je har ɗakin Madam. Waɗansu mutane ne a ciki. Garwar tana nan a bayan ɗaki, a ciki suke tara toka.

Da ruwa ya sauka na buɗe ambulan. Na tankaɗe ƙasa da taki a cikin tsohuwar tasa, na barbaɗa irin a sama ban rufe shi ba, na ajiye a inuwa. Bayan kwana goma sha shida, tsiro goma sha ɗaya suka fito. Bakwai suka kwanta suka ruɓe. Huɗu suka rayu, na raba su gwangwani huɗu na rubuta wa kowanne lamba. Karansu kusurwa huɗu, ganyensu biyu-biyu, komai kamar yadda yake a littafina. Amma na ɗaya ganyensa ya fi faɗi, na biyu yana da gashi-gashi, kuma da na murza su na shinshina, ba biyu da suka yi ƙamshi iri ɗaya.

Na zaci zan gane nata nan take. Ban gane ba. Yau in ce na uku ne, gobe in ce na huɗu. Wata huɗu kacal, hancina ya fara mantawa. Na ɗauko littafin na bi shafi goma sha biyu layi-layi. Tsawon ganye talatin yana nan, adadin haƙoran gefensu yana nan. A wajen ƙamshi kalma biyu na rubuta: mai daɗi.

Mutum ɗaya ya rage da ya san ganyen tun daga tushe, ƙanwar Kaka da ke aure a Zabarmari. Kaka Gana muke ce mata, wato ƙaramar kaka. Idonta ya tafi, ƙafa ta riƙe ta, ko makokin ba ta iya zuwa ba. Da hutun damina Gwaggo ta ce za ta je gaishe ta, na ce zan raka ta. Na tsinki reshe ɗaya daga kowane gwangwani, na ɗaura musu zare, na ɗaya ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, har na huɗu, na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle.

Motar ta sauke mu nesa da gari saboda taɓo. Muna tafiya a kan kunyar gonakin shinkafa, ruwa dama da hagu, Gwaggo ta tambaye ni me nake ta lallaɓawa a hannu. Na gaya mata. Ban taɓa yin doguwar magana da ita haka ba. Ta tsaya cak a kan kunyar.

"Kina nufin wutar nan ce ta kashe ta?"

"E, Gwaggo."

"Ni na ɗauka kamar ciyawa ce, in an yi ruwa ta dawo. Kin sani a ranar?"

"Na sani."

"Kina zaune kina kallona?"

Na sunkuyar da kai.

"Kwana bakwai, 'yar nan. Kwana bakwai kina wuce ni da buta. Ni fa uwata ce." Ta gyara lafayarta ta wuce gaba, har muka shiga gari ba ta waiwayo ba.

Mun sami Kaka Gana a rumfa, a kan gadon kara. Ta shafa fuskar Gwaggo, suka yi kukansu da Kanuri, suka yi addu'a. Sannan ta miƙo hannu wajena.

"Wace ce wannan mai numfashi kamar ɓarauniya?"

"Akawun Inna ce," in ji Gwaggo.

"Au, marar bakin nan? Matso in ji ko kin yi nama. Me kika kawo mini? Ba dai takarda ba."

Na fara tambayarta ko tana da saiwar. Ta ce tana da ita dā, a bayan rumfar nan, ambaliya ta kwanta a kanta wata guda shekara uku da suka wuce, ta ruɓe. Ta aika wa yayarta ta ƙaro mata, yayar ta ce sai ta zo da ƙafarta ta karɓa, ƙafar kuwa ta ƙi.

Na kwance ƙyallen. Na yi mata bayanin murhun, da ambulan, da gwangwanayen, ban ɓoye nawa laifin ba. Na sa mata reshen farko a tafin hannu.

Ta murza, ta kai hanci, ta ajiye a gefe. Na biyu ko hanci ba ta kai shi ba, da ta ji gashin a yatsa ta yar. Na uku ta daɗe da shi. Ta shinshina, ta ciri ganye ɗaya ta sa a baki, ta tauna da dasashi a hankali, fuskarta tana kallon sama. Gwaggo ta daina fifita. Sannan ta karɓi na huɗu, ta shinshina sau ɗaya, ta haɗa shi da na farko.

Na ce, "Kaka Gana, wanne ne nata?"

Ta laluba ta kamo hannuna, ta mayar mini da mai ƙulli uku, ta naɗe yatsuna a kansa.

"Babu nata a ciki. Wannan ki bar shi, zai yi shayi. Amma kada ki gaya wa kowa na yayata ne."